Ban Koya Mata Iyo Ba

Yelwa, 9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yaya Gambo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen gungunmu na tsakiyar kogi baki ɗaya.

Shekara ashirin da shida ba mu yi magana ba, tun ranar da ka zo ɗaukar ɗiyata Hansatu hutu na hana, ka ce a gaban mutane boko ya mai da ni Bahaushen aro. Ban manta ba. Ko lambarka ba ni da ita, shi ya sa na ba direban jirgin ruwa takardar nan.

Ba ka san abin da na sha a kwaleji ba. Ni ke zuwa na ɗaya, amma sunana Kifi, don ni Bagunge ne, ɗan gungu. In na shiga aji a toshe hanci, wai ƙarni. A wurin aiki ma, da aka zo ƙarin girma, wani ya ce Bagunge ai sai ruwa. Ban sake neman komai ba, a kujerar da na fara na yi ritaya. Rantsuwa ɗaya na yi, ba mai kiran ɗiyata haka. Mu da yaro ke iyo tun bai iya magana ba, ni na hana ta ko bakin kogi.

Jiya jirgin da ya ɗauko ta daga aikin rigakafi a tsallake ya bugi kututture kusa da Wara, ya kife. Masu iyo sun fito. Ita ba a gan ta ba. An ce akwai waɗanda suka maƙale a itatuwa. Ka zo da jiragenka da masu nutso. Ba don ni ba.

Ƙanenka,
Illo

Yelwa, 13 ga Satumba, 2024

Yaya Gambo,

Ina gaisuwa, ya gajiya? Allah ya saka da alheri. Ka tafi daga maƙabarta ban iya ɗaga kai na dube ka ba.

Na matsa wa ɗanka Altine sai da ya nuna mini inda ya ciro ta. Tsakaninta da gaɓa bai kai tsawon jirgi biyu ba. Jikokinka na wasa a ruwan da ya fi wannan zurfi.

Shekararta talatin da uku. Ita kaɗai gare ni.

Ka gai da gida.

Illo