Turken Akuyar Kaka

Laraba da dare, Kwaya

Kwana goma sha biyu ke nan ina matsar da turken akuyar Kaka, kullum faɗin tafi ɗaya, in ta tada salla. Yau ta lura ya kusa taɓa rumbu. Sai na kawo mata abin da na ji a rediyo, wai can ƙarƙashin ƙasa duwatsu na zamewa a hankali, a yi makonni ba wanda ya ji.

Ta ce, "Kai, mijin banza, har ƙasar ma tafiya take?"

Na ce, "Haka masana suka ce, amarya."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwaso tabarmarta zuwa tsakar gida, wai ɗaki zai rufta mata. Ga sauro, ga tarinta.

Bayan lisha na je na ce mata ni ne. Ta ce yaushe na fara faɗin gaskiya. Ta dafa ƙasa, ta ce, "Yi shiru, yanzu ma tana rawa."

Na duba. Hannunta ne ke rawa.