Asabar Ɗin da Ba Zan Juya Fuska Ba

Zuwa ga Uwargida Yom Sun-dok, sanyin idona, furen da ya ƙi buɗewa sai da sanyi ya kama, mai takun da ke sa tsofaffin unguwar Jongno gyara wuyan riga. Ina gaisuwa, da fatan gwiwar nan ta hagu ta sarara.

Na tsara mana ranar Asabar, ku duba ko da gyara. Da yamma zan jira ku a bakin tashar jirgin ƙasa, ƙofar da mai gasa dankali yake tsayawa. Kada ku sa takalman rawa tun daga gida, ku zubo su a jaka, ni zan riƙe.

Zaman farko a rumfar tsohuwa Bang, giyar shinkafa buta guda da wainar ganyen albasa. Na leƙa jiya na kama mana teburin kusa da murhu. Ta tambaye ni ko har yanzu "ku" nake ce muku, na ce e. Ta ce shekara uku ina riƙe ƙugun mace a filin rawa amma ina mata magana kamar na je neman aiki, wai ko icen girki ne ni da tuni na yi toho. Ba ƙarya ta yi ba.

Daga nan sai kasuwar Dongdaemun, kaza guda a tukunya, a zuba taliya a romon daga ƙarshe. Za ku ce tafarnuwa ta yi yawa, kuma za ku cinye. Sai rawa. Na roƙi mai kiɗa ya jera mana waƙoƙi masu sanyi saboda gwiwar, ya ce ya ji, in dai ba zan taka ƙafar kowa ba.

Kun tuna ranar farko? Kun tambayi shekarar haihuwata tun kafin sunana ya zauna muku, aka tarar kun girme ni da shekara biyu. Tun daga ranar, da hannu biyu nake zuba muku giya, in zan kurɓi nawa sai in juya fuska gefe, yadda ƙarami ke yi a gaban babba. Na san bangon rumfar Bang fiye da mai rumfar. Amma yadda fuskarku take sa'ad da muke sha tare, ban taɓa gani ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gwada wa jama'a tabarau.

Na sani, babba ne ke ce wa ƙarami ya ajiye ladabi. Na jira. Bara, ranar da ƙanƙara ta fara sauka, kun buɗe baki kamar za ku faɗa, sai kuka ce in gyara maɓallin rigata.

Yanzu ɗanku Jae-ho ya share muku ɗaki a gidansa na garin Daejeon don ku koma can, zai zo da mota ƙarshen wata, kun ce masa za ku yi tunani. Na ji ɗakin yana da kyau, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Wa zai riƙe muku jakar takalma a can? Wa zai san cewa a juyin hagu sai an ɗan tallafe ku? Ba na cewa zan mutu in kun tafi. Zan ci gaba da zuwa wurin Bang, in zauna da kofina a bushe, tunda mutum ba ya zuba wa kansa. Amma ina son ku, kuma abin yana hana ni barci fiye da yadda ya dace da mai shekaruna.

Don haka ga gyara ɗaya da na yi wa tsarin ba da izininku ba. Ranar Asabar zan zuba muku da hannu ɗaya, in ɗaga nawa ina kallon ku. In kun ga rashin kunya ce, ku ajiye kofin, zan raka ku tasha, maganar ta mutu a nan. In kun sha, ga abin da zan faɗa, na rubuta shi ne don kunnenku ya fara sabawa:

Sun-dok, kada ki tafi. Ki zauna, ke nake so.

Naki, ko kin sha ko kin ajiye, har ƙafafun nan su daina bin kiɗa,
Pyo Man-sik