A Zo a Shafe Gubar da Aka Rubuta a Bangon Yayana

Zuwa ga Shugaban masu rubutun bango da allunan talla na Gwarzo da Kabo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina gaida iyali da abokan sana'a, da fatan ana fama lafiya.

Aikina na farko yau: na kwaɓa farar ƙasa, na sake shafa wa bangon injin yayana. Kafin azahar baƙin fenti ya leƙo ta ƙarƙashinta.

Sunana Habibu, ina tsaron shagon siminti a Gwarzo. A sakandare na tsaya, kuma na daɗe ina tambayar kaina ko irina ya isa ya yi wa masu sana'a gyara. Na zo ƙofar gidanka ban same ka ba, na bar sallahu ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuta a fili. Ga kokena guda uku.

Na farko. Yayana Sale yana da injin niƙa a Lakwaya, da shi yake ciyar da gida cike da yara. Bara bayan girbi ya kira ɗaya daga cikin mutanenku ya rubuta masa bango. Abin da ya ce a rubuta kaɗan ne: ana niƙa da markaɗe, gari mai tsabta. Da mai fentin ya gama, sai fili ya ragu a ƙasa. Ka fi ni sanin al'adarku, ba a barin fili a bango, kada a ce mai fenti ya yi ha'inci. Sai ya zaro kwalin haruffan da ya taɓa yankawa don wani shagon kayan gona a Madadi, ya manna, ya buga: AKWAI MAGANIN FESHI DA NA ƁERA. Yaya ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, amma ba ya karanta boko. Ya ga bango ya cika, ya yi godiya, har goro ya ƙara masa.

'Yan matan makaranta da ake aikowa niƙa su suka karanta, suka kai wa iyayensu. Ana haka wani yaro a unguwar ya yi amai bayan ya sha koko. A asibiti an ce zazzaɓi ne, ya kuma warke, amma magana ta riga ta zaga gidaje. Da na je gida, Inna Hajara maƙwabciyarmu ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Habibu, kai ne ɗan boko, karanta mana. Guba ce a rubuce ko ba guba ba ce?" Na karanta mata. Tun daga nan kwanukan dawa ta ƙofarmu suke wucewa zuwa wani injin. Ko ƙwayar maganin ɓera ba ta taɓa shiga ɗakin injin nan ba.

Na biyu. Wanda ya yi aikin ya tafi ci-rani, wayarsa ba ta shiga. Na bi masu fenti a Gwarzo, na je har Kabo, amsarsu ɗaya: ba a hawa aikin wani sai mai shi ya yarda ko shugaba ya ce. Wani ma dariya ya yi ya ce, "Malam, ya fara sayar da maganin ɓeran mana, sai rubutu ya zama gaskiya." Na ce zan sayi fenti in shafe da hannuna, Yaya ya hana. Ya ce farar ƙasar da nake shafawa ma cewa ake yi ɓoyewa muke yi. Ba abin da zai wanke shi sai mai sana'a ya zo da rana tsaka, a gaban jama'a, ya ce kuskuren nasu ne. Na yi tunani, na ga gaskiyarsa.

Na uku. A wannan bangon dai, bayan "gari mai tsabta" alamar tambaya aka sa, wai ta fi kyau a ido. Daga Kabo zuwa Dugabau haka nake gani: ɗigo da waƙafi an barbaza su kamar ado, ƙ da ɗ da ɓ an yanke musu lanƙwasa. Abokaina suna mini tsiya wai na cika damuwa da ɗigo, wataƙila kuma gaskiyarsu. Amma wanda zai sa alama bai tambayi aikinta ba, shi ne zai buga layi guda a bangon mutum bai tambayi abin da zai jawo masa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ba da izini, ka turo mutum ya shafe layin nan ya yi wa mutanen unguwa bayani. Ka kuma sa doka a karanta wa mai bango duk abin da za a rubuta kafin a taɓa fenti, kwalin wani kuma kada a buga wa wani. Ba mu neman a hukunta kowa.

Jiya wani mutum ya zo ya taya injin, Yaya bai ce a'a ba. Saboda haka ga abin da ke gabana gobe:

1. In kai wannan takarda gidanka da hannuna.
2. In roƙi mai sayen ya ƙara mana mako guda.
3. In nemo aron sifana, don in ba ka turo kowa ba, ni zan taya Yaya kwance injin.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa wa sana'arku albarka.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Habibu, ƙanen mai injin niƙa, Lakwaya.