A Yi Mana Gyara

Zuwa ga yayata Falmata, a Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki Mamadu da yara, da fatan baƙunta ta zama gida. Mu nan Gure sai godiya. Inna tana gaishe ki, ƙafafunta suna nan yadda kika bar su. Malam Abba ne ya riƙe alƙalami, ni Bintu nake faɗa, kuma tun ban buɗe baki ba ya ce in taƙaita. Ke dai kin san ni da taƙaitawa.

Saƙonki ya iso ta bakin fatake, cewa kin samo mini ɗaki kusa da naki, in tattaro yara in taho tunda aikin bariki ya daina ciyar da mu. Shirun da na yi ba raini ba ne, Yaya, rasa abin faɗa na yi. Inna ba za ta iya zaman bayan raƙumi har Nguru ba, kuma ta gaya mini a fili cewa ƙasar da ta rufe Baba ita za ta rufe ta. In na taho na bar ta, in na zauna muna kallon juna da yunwa.

Kin san yadda ake biyanmu, 'yan kuɗi a ƙarshen wata, sai gero ranar awo kowane mako. Damina ta yi gardama, hatsi ya hau a kasuwa, kuɗin suka koma na gishiri da kanwa. Geron awo kuwa yakan ƙare mako bai zagayo ba. Tun rasuwar uban yarana ni ce mai nema a gidan, ba inda zan waiwaya. Sai Inna ta ɓullo da wata dabara. In na kawo tuwo sai ta yi loma ɗaya biyu, ta tura wa jikokinta akushin, ta ce, "Na ƙoshi, ku ɗauke mini shi." Ni na san ba ta ƙoshi ba, ita ma ta san na sani. Wannan ne ya fi komai ci mini rai.

Ana nan sai Musa, mai kula da raƙuman gidan waya, ya dawo daga Damagaram da labari. Wai a manyan garuruwa ma'aikata sun fara haɗa kai su yi magana da baki ɗaya, sandika ake ce wa abin, amma wai na waɗanda suka yi lakwal ne, wato karatun boko. Muka ce mu ba mu yi lakwal ba, amma muna da inuwar gawo a bayan mangaza, ɗakin ajiyar hatsi. Can muka taru bayan la'asar, masu shara da masu jan ruwa da masu aikin hanya da mu masu daka.

Maza suka ce a je a gaya wa kumandan ya ƙara albashi. Baba Kyari, shugaban masu shara, ya bari suka gama hayaniyarsu, sannan ya ce, "Kun manta Mamadu ne?" Ba sai na tuna miki ba, ke ce kika yi ta kai masa abinci gidan kaso saboda wannan kalma ta ƙari, ita ce kuma ta raba ku da Gure.

Ni kuwa bakina bai iya zama ba. Na ce in kin sayi tiyar gero a kasuwa kika ce a yi miki gyara, ko mai rowar duniya ba ya jin haushi, sai ya ɗebo ɗan tafi ya zuba miki a kai. To mu bar maganar ƙari, mu nemi gyara. Aka yi dariya har da tafawa. Da dariyar ta lafa sai Baba Kyari ya ce, "To, Bintu, wadda ta kawo magana ita za ta kai ta." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da safe na ɗaura zane biyu ko da za a kwana a kaso, na roƙi maƙwabciyata ta riƙa leƙa Inna idan ban dawo ba. Ban gaya wa Inna inda za ni ba, amma ta daɗe tana kallon zanen nan na biyu.

Ba wanda ya ce ya bar aiki. Kowa dai ya ajiye abin hannunsa ya zauna a gaban biro, wato ofishin kumandan, tsintsiya a ƙasa, guga a bakin rijiya, taɓarya a jingine. Ashe bariki ba ya yin shiru sai mun yi. Shirun ne ya fito da kumandan, ya ce a shigo da mutum uku, muka shiga ni da Baba Kyari da Musa, gardi biyu na tsaye a bayanmu.

Musa, Allah Ya shirye shi, ko gaisuwa ba a gama ba ya ambaci kuɗi. Fuskar kumandan ta canja. Ya ce ta bakin tafinta kuɗi daga sama ake yanke su, kuma wanda bai gamsu ba ya san hanya. Na ji ɗaya gardin ya gyara tsayuwa a bayana. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mu ba kuɗi ya kawo mu ba. Gwangwanin da ake auna mana gero da shi, muna roƙo a yi mana gyara."

Tafintan nan mutumin bakin teku ne, ba ki san shi ba, bayan tafiyarku ya zo. Mutumin kirki ne, amma Hausarsa a biro ya koye ta, ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Shi gyara ɗaya ya sani, irin wanda ake yi wa ƙofa in ta karye. Haka ya juya maganar. Sai na ga kumandan ya sassauta, ya ce a kawo gwangwanin.

Kin tuna shi, wanda raƙumi ya taka tun kina nan, gindinsa ya lotsa ciki. Mun saba da shi har mun daina ganin lotsawar. Kumandan ya juya shi, ya sa babban yatsa a ramin, ya ce a kira maƙeri. Nan na gane an yi wa maganata gurguwar fahimta, na ɗaga kai zan ce ba haka nake nufi ba. Baba Kyari ya take mini ɗan yatsan ƙafa, takun da har yau ina jin sa.

Ari maƙeri aka kira, wanda matarsa ke daka tare da ni. Ya kife gwangwanin a kan turmi a tsakar bariki ya shiga bugu, yana bugu yana kallona ta wutsiyar ido. Lotsawa ta miƙe, bai tsaya ba. Sai da gindin ya kumburo waje kamar na ƙwarya sannan ya share zufa ya miƙa. Kumandan ya tambaya ko an gyara. Baba Kyari ya sunkuyar da kai ya ce, "An gyara, ranka ya daɗe, Allah Ya saka da alheri." Muka fito, kowa ya ɗauki abin aikinsa, ba wanda ya kwana a kaso.

Sauran labarin ranar awo ya fito. Gwangwani ya ƙi zama a ƙasa, da an ajiye shi sai ya gangara. Dole mai mangaza ya riƙe shi da hannu ɗaya ya zuba da ɗaya, katakon da yake shafe bakin gwangwanin da shi ya rasa hannun da zai ɗauke shi. Ya dube mu, muka dube shi, sai ya jingine katakon a bango, don shi ma da gwangwanin nan ake auna wa gidansa. Kin ga mun sami gyaran tafinta, mun kuma sami namu na kasuwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kuɗi ba su motsa ba, Musa yana ta gunaguni har yanzu. Mun yi alkawari ba za mu bar inuwar gawon nan ba, bayan kaka za mu sake komawa biro. Amma gero ya kai mu har ranar awo ta gaba, har da ɗan saura a gindin tukunya. Na zauna ina kallon sauran nan, hawaye na zuba, yara suna tambaya ko wani ne ya rasu.

Jiya na ba Inna labarin duka, ta yi dariya har da tari. Da na kawo tuwo ban ce mata komai ba, na koma gefe ina jiran ta tura akushi kamar kullum. Ta ci, ta suɗe yatsu, ta miƙo mini akushin babu komai a ciki, ta ce, "Ke Bintu, a yi mini gyara mana."

Don haka, Yaya, ki ba da ɗakin nan ga wani mai buƙata. Na gode, Allah Ya bar zumunci, amma ina nan tare da Inna.

Allah Ya tsare ku a baƙuwar ƙasa, Ya buɗa wa Mamadu, Ya raya mana yara, Ya ba Inna lafiya, Ya jiƙan Baba, Ya sa ki dawo ki same ta tana neman ƙari. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Bintu, daga Gure.