Duniyar da Zakiyya Take Nazari

Litinin, 7 ga Afrilu 2025
'Yata Zakiyya ta sake turo saƙon murya daga Faransa. Wata biyar ke nan ban amsa mata ba, tun rasuwar mahaifiyarta Ramlatu. Ba ta zo jinya ba, ba ta zo zaman makoki ba. Wai matsalar takardun zama a Faransa ce ta hana ta. Amma na saurara, tunda ba mai ganina.

Yau ba ta ba da haƙuri ba, labarin aikinta ta yi ta yi. Wata duniya suke nazari, tana kewaya wata rana ja mai nisan gaske, haskenta sai ya shekara arba'in a hanya kafin ya iso mu. Suna zaton gefe ɗaya kullum rana, ɗayan kullum duhu.

Laraba, 9 ga Afrilu
Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa a lise, wato babbar sakandare, ban taɓa tunanin ƙasar da gari ba ya wayewa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na ba Tahiru tela labari a shagonsa na Zango. Ya tsai da keke ya ce, "To mutanen can yaushe suke sallar asuba?" Na ce ba a ce da mutane ba. Ya ce, "Mushe," kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, "'yarka ce ta sani, tambaye ta mana." Na sauya magana.

Amma har na iso gida hankalina yana can duniyar. In akwai abin da zai rayu, sai a tsakiya, tsakanin gefen rana da na duhu, inda kullum la'asar ce sakaliya. Inuwar bishiya ba ta motsi, inda ka bar ta nan za ka same ta. Iska kuwa ba hutu, tsakanin zafi da sanyi. Gero ba zai yi ba, ina ji. Yaya mutum zai san ya tsufa?

Juma'a, 18 ga Afrilu
Ƙanwata Jummai ta zo daga Gouna. Na ɗauko maganar Zakiyya da zafi. Sai ta ce, "Yaya, uwarta ce ta hana ta zuwa. Ta ce in ta fito da wuya ta koma, kada ta bar karatu ko me ya faru. Ta sa ta yi alkawari, ni kuma ta ce in rufe bakina."

Wata biyar yarinyar tana ɗauke da fushina, ba ta tona ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Ramlatu, me ya sa ba ni kika faɗa wa ba? Na san amsa. Da na ce ta taho.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Na yi magana na goge, na yi na goge. Daga ƙarshe na bar wannan: "Zakiyya, Baba ne. Wannan duniyar taku, ana ruwan sama?" Tambayar ilimi ce kawai.

Kafin in ajiye waya ta amsa. Ba su sani ba tukuna, in ji ta.

Na kira mai gyara ya duba fankar ɗakinta. Da ma ta daɗe da lalacewa.