Ciwon Hanjina Ba Neman Canjin Wurin Aiki Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Babban Darekta na masana'antarmu da ke Kossodo a Wagadugu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mai kula da sito, ɗan Zango, wanda kuka tura ƙauye.

Na farko. Bara na fara ganin jini a bayan gida. Na ɗauka basir ne, irin wanda aka ce ya kashe mahaifina. Matata Balkisa ta matsa, na je asibiti. Likita ya zura na'ura mai kyamara, ya tarar da tsiro da yawa a babban hanjina, ya cire na cirewa. Ya ce wani canji ne a ƙwayoyin halittata, na gado, shi ke haifar da tsiron, kuma idan aka bar su wani zai rikiɗe ya zama ciwon daji. Dole a riƙa duba ni a kai a kai, a duba 'ya'yana ma.

Na biyu. Na kai takardar likita ofis don neman hutun jinya. Da Faransanci, wannan canjin halitta "mutasiyo" ake ce masa. A ofis kuma, kamar yadda ka sani, mutasiyo canjin wurin aiki ne. Shugaban ma'aikata, Allah ya ƙara masa ilimi, ya hango kalmar, ya ga hatimin likita, ya buga nasa. Ni da na nemi hutu, sai ga ni a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, da katifata, an nufi reshenmu na bakin iyaka. Har shayin bankwana aka yi mini, shugaban ya yaba mini a kan son sadaukar da kai.

Na uku. Na koma na yi masa bayani. Ya ce shi bai taɓa jin hanji ya nemi mutasiyo ba, kuma abin da aka sa wa hannu ya sanyu. A inda nake, ɗakin shan magani ɗaya ne, babbar na'urarsa ma'aunin zafin jiki. Lokacin dubawata ya wuce. Jinin ya dawo. Babbar 'yata tana tsoron gwajin, ta ce ba za ta je ba sai ina tsaye kusa da ita.

Ina roƙo a maido ni Wagadugu, a ba ni hutuna. Sannan direbanmu na nan tafe da tasa takardar: duwatsu ne a ƙodarsa, likita ya rubuta "kalkil", kalmar da kuma ke nufin lissafi da Faransanci. Don Allah kada a kai shi ofishin lissafi, bawan Allah ko karatu bai yi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare hanjinka da na zuriyarka, ya sa duk ranar da ka kai takardar asibiti a karanta ta har ƙarshe.

Wassalam.

Mai kula da sitonku,
ɗan Zango da ke bakin iyaka.