Giyayyar da Ban Gane Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina sanar da ke cewa na je fadamar nan. Shekara shida da rasuwarki, sai yanzu Allah ya nufa.

Kina jinya a garin Gwiwa kika juya fuskarki bango kika ce, "Akwai wanda muka bari a fadama, gindin giyayya. In ka samu hali ka je." Daga baya Goggo ta faɗa mini ɗanki na fari ne, zazzaɓi ya ɗauke shi shekarar da kuka kai shanu cin rani can. Ashe shi ya sa kike kiran sunana gatsal, ni ina ta zaton ni ne babba.

Tafiyar ta gajiyar da ni. Daga Kazaure mota uku na sauya, sannan babur, har gaba da Haɗeja. Wurin ya zama na gwamnati, Inna. An kafa allo, an hana kiwo, an hana sara. Mai gadin, wani dattijo mai haƙuri, ya yi ta nuna mini tsuntsayen ruwa, su dinya da kirinjijiya, wai wasu tsuntsayen daga Turai suke zuwa. Ni kuwa bishiya nake nema.

Giyayya ta fi a ƙirga, rabinsu tsaye cikin ruwa. Na roƙe shi in sauka daga hanya in duba, ya ce ba dama, tsuntsaye na kan ƙwai. Raina ya ɓaci, saura kaɗan in gaya masa mun riga allonsa zuwa nan. Na haɗiye, don ko ya bar ni ban san wacce zan nufa ba.

Da ya ji labarin sai ya jingine sandarsa, ya ce mu yi addu'ar daga inda muke. Ya ɗaga hannu, ya tambaye ni sunan mamacin.

Inna, ban sani ba. Kunyar ɗan fari ta hana ki ambatonsa yana raye, ba ki ambace shi ba bayan ya tafi. Goggo ta bi ki bara, ban yi wayon tambayarta ba. Na ce masa ɗan Inna ne, da haka muka shafa.

Ki yafe mini, iyakar abin da na iya ke nan. Allah ya haskaka kabarinki da nasa, ya haɗa ku a Aljanna, inda za ki kira shi da sunansa ba kunyar kowa.

Ɗanki na biyu,
Sale